Zarto mai naɗewa na santimita 21: haƙora na kirki, ƙusar banza

Zarton nan mai naɗewa cikin mariƙinsa, wanda ya cika shagunan kayan gini na Sakkwato, shi nake magana a kai. Ba sunan kamfani a jikinsa, sai SK5, wato nau'in ƙarfen, da aka buga a ruwansa.  Masu kwana bakin Gulbin Rima wurin kamun kifi, mafarauta, da masu tarewa gona lokacin girbi duk sun fara sa shi a jaka, kuma na ga dalili.

Wurin yanka ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Haƙoransa wajen bakwai ne a kowane inci, an wasa kowanne ta fuska uku, kuma a jawowa yake ci, turawa mayar da shi ne kurum. Ɗanyen reshen dogon yaro mai kaurin damtse, kafin ka ankara ya faɗi, bakinsa sumul. Adda tsattsaga baki take yi, to wanda ke son turakun rumfa ko sandar rataya tukunya zai gane bambancin nan take. Sabara da geza kam a bar wa adda, siraran rassa rawa suke yi a ƙarƙashin zarto.

Sai aka zo kan busasshen bagaruwa a wajen Goronyo, kauri bai wuce santimita 9 ba, ƙasa da rabin tsawon ruwan, wato abin da ya kamata ya ci ba gardama. An ɗora iccen yadda ya dace, ƙarshensa na lilo a kan wani gungume don tsagar ta riƙa buɗewa maimakon ta matse ƙarfen. Duk da haka, ana cikin tsakiyar yanka sai ji aka yi ƙas! Kusan santimita 5 na bakin ruwan ya karye ya maƙale cikin icce. Wallahi abin ya ƙona mini rai, domin laifin ba na ƙarfen ba ne, na ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta ne. Ƙusa ce mai zare da siririn noti, ba wosha, ba abin da zai hana ta kwancewa. Kowace buɗewa da rufewa tana sassauta ta kaɗan, ƙurar hunturu da yashi kuma su shiga mahaɗar su riƙa cin robar mariƙin. Daga nan ruwa ya fara kaɗawa hagu da dama. Irin wannan ruwa siriri ne, kaurinsa bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, saboda ja aka yi shi ya jure. Da zarar ya kauce daga saitin mariƙi, turawa za ta lanƙwasa shi, bagaruwa kuma ba ta sassauci. Ƙusar da ba ta kai kuɗin ruwan leda biyu ba, ita ta kashe zarto guda.

Ga kuma ba a samun ruwan zarton daban don a canja. Mai shago cewa ya yi, “Alhaji, sai dai ka ɗauki sabo.” Haƙoran ma ba sa wasuwa: duba bakinsu za ka ga ya yi duhu, an ƙona shi ne ya taurare, magagari zamewa yake yi a kai. Ranar da suka dakushe, shi ke nan.

Gaskiya dai yana gyaruwa. A cire ƙusar a sa bolti daidai ramin, da noti mai roba a ciki da wosha biyu, a ɗaure har sai ruwan ya buɗe da ɗan tauri. Wanda ya karye kuma a goge bakinsa a dutsen washi ya zama kewaye. Santimita 16 da suka rage sun fi tsayawa ƙyam, suna aiki lafiya. A shago, kafin ka biya, buɗe shi ka riƙe mariƙi ka girgiza bakin da yatsa biyu. In ya kaɗa, ajiye shi ka ɗauki wani. Da wannan gyaran har na so in ce a saya.

Amma makullinsa ya hana ni. Ɗan harshen ƙarfe ne ke faɗawa wani gurbi maras zurfi a gindin ruwan, garin icce na cika gurbin sai harshen ya hau sama-sama. Danna bayan ruwan a kan gungume, sai ka ga ya saki ya nufo inda yatsu suke. A daji, da dare, nesa da asibiti, wannan ba abin wasa ba ne. Kuma a rufe ba ya kulluwa, haƙora na leƙowa su yagi jaka. Ƙara da tsatsa: SK5 ba ya son raɓa, kwana ɗaya a bakin gulbi ya isa ya yi ja, sai an goge ƙaron da ya liƙe masa da kananzir an shafa mai.

In an kwatanta da wasu zartuna masu naɗewa, Bahco Laplander ya ɗan fi shi gajarta, amma yana ci gaba da baya, yana kulluwa a buɗe da a rufe. Silky Gomboy na Japan ja yake yi shi ma, sai dai ana sayar da ruwansa daban. In iccen girkin mutane da yawa za a tara, zarto mai baka na inci 21 ya fi su duka. Wannan kuwa, ga ɗanyen reshe da turaku zan bar shi a jaka, bayan an canja ƙusa, kuma ba zan miƙa wa yaro shi ba.