Manhajar Anwaa: Ra'ayin Direba Mai Bin Hanyar Tabuka

Sana'ata ita ce ɗaukar kaya daga Madina zuwa Tabuka, tafiyar kusan kilomita 700 ta Khaibar da Taima, kuma hunturu uku ke nan ba na tayar da mota sai na duba Anwaa, manhajar Cibiyar Hasashen Yanayi ta Ƙasar Saudiyya. Ɗan'uwan da bai taɓa wuce Makka da Jidda ba, zai yi mamaki idan aka ce masa dusar ƙanƙara tana sauka a ƙasar nan, alhali kuwa tana lulluɓe Dutsen Lauz da ke yankin Tabuka, mai tsayin fiye da mita 2,500, musamman bayan shigar Murabba'aniyya, kwanaki arba'in na tsananin sanyi da ke farawa a farkon Disamba.

Abin da ya fi amfanata shi ne gargaɗin da aka kasa launi uku: ruwan ɗorawa, ruwan lemo da ja. Ana faɗin yankin da abin zai shafa, da lokacin farawa da na ƙarewa, da irin haɗarin, ko iska ce mai tayar da ƙura har direba ya daina ganin gabansa, ko ruwa ne da zai cika kwaruruka. Wannan bayanin lokaci shi ne ya sa a watan Janairun bara na kwana a Taima maimakon in ci gaba da dare, duk da cewa wata manhajar ƙasar waje da ke wayata tana nuna sararin sama garau. Da asuba direbobin da suka fito daga arewa suka ba mu labarin iskar da ta riƙa karkatar da manyan motoci.

Hasashen dusar ƙanƙara ya fi na iska wuya, domin ɗan bambancin sanyi tsakanin kan dutse da gindinsa yakan mayar da ita ruwa, saboda haka ina ɗaukarsa a matsayin mai yiwuwa ne kawai. Gargaɗin ruwa kuwa ba na wasa da shi tun ranar 24 ga Nuwamba, 2022, da milimita 179 ya zuba a Jidda cikin sa'o'i shida har aka rufe hanyar Makka.

Shawarata ga 'yan'uwa direbobi ita ce su kunna sanarwar manhajar, su kuma duba garuruwan da za su ratsa gaba ɗaya kafin su ɗaura kaya, domin yanayin Madina ba ya nuna abin da ke jiransu bayan Taima.