Makonni uku da ƙaramar na'urar hangen taurari a Samaru

Na daɗe ina jin labarin ƙananan na'urorin nan masu ido (gilashin gaba) mai faɗin milimita 50 da ake sarrafawa da waya. Ƙanena ne ya taho mini da ɗaya daga waje, kuɗinta kuwa ya isa sayen babur na hannu, don haka ban yi mata kallon abin wasa ba. Girmanta bai wuce fulas ɗin abinci ba, hannu ɗaya ke ɗaukarta. Ka kafa ta a kan ƙafafunta uku, ka haɗa da waya, ka zaɓi abin da kake so, ita za ta juya kai ta nemo shi.

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani: babu inda ake kara ido. A fuskar waya ake ganin komai. Na'urar tana ɗaukar hoto na daƙiƙa 10, ta sake, ta sake, tana ɗora wani kan wani har abin da ido ba ya gani ya fito. Kawuna da ya zo daren farko bai ji daɗin wannan ba. "Kai ɗan nan, to ina ake leƙawa? In a waya ne ai ko a Facebook sai in gani." Na ce, "Kawu, a ɗan yi haƙuri, a ba ta minti goma."

Abin da na fi so in kama shi ne hayaƙin da tauraro mai girman rana tamu ke fesarwa idan ya zo mutuwa. Yakan zubar da iskar da ke jikinsa, tsakiyarsa ta rage ƙarama, fara fat, da tsananin zafi, haskenta ya sa hayaƙin ya riƙa ƙyalli. Masanan ƙarni na 18 irin su William Herschel sun ga suna kama da duniyoyi a na'urorinsu, shi ya sa sunan "nebular duniya" ya bi su, alhali ba abin da ya haɗa su da duniya.

Na fara da M27, wadda masanin taurari Charles Messier ya gano a 1764, ita ce ta farko da aka sani cikin irinsu. Minti uku kacal ta bayyana, siffar turmi sak, ƙugu siriri, sama da ƙasa da faɗi. Kore-koren tsakiyarta iskar oksijin ce, jan gefen kuma haidirojin da naitirojin. Wannan kam ko daga tsakar gidanmu, da fitilun maƙwabta da ƙarar janareta, ta fito.

Wata irinsu mai suna Helix ce ta ba ni wahala, kuma ita ce ta biya kuɗin na'urar. Tana cikin mafiya kusa da mu, tafiyar haske ta shekara kusan 650, faɗinta a sama ya kai rabin cikakken wata. Faɗin ne matsalarta, haskenta ya baje ya dusashe. Dare biyu ina gwadawa a gida, wani toka-toka kawai nake samu. A na uku muka fita hanyar Shika, muka tsaya gefen wata gonar da aka girbe masara, babu wata, babu fitila. Bayan isha'i tana can sama ta kudu. Mu a Zariya da ke kan digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, tana hawa mana sama sosai, mutanen Ingila kuwa a gindin sama suke hango ta. Bayan minti arba'in ga zobe ja, ciki shuɗi-shuɗi, da ɗigon tauraron a tsakiya. Kawu ya karɓi wayar ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Ikon Allah. Wannan ai ido ne." Da na gaya masa rana tamu ma haka za ta ƙare bayan shekara wajen biliyan 5, cewa ya yi ba da shi za a yi ba.

M57, ita ma irinsu ce, kusa da tauraron Vega ta fito, amma kamar ƙwayar gero mai huji. Ba laifin kowa ba ne, ƙaramin ido ba ya yin aikin babba. Wanda ita ce burinsa, ya tara kuɗi ya nemi na'urar da ta fi wannan ƙara girman abu.

Batirin ya kai ni tsakar dare ba tare da na nemi caji ba. Raɓa kuma ba ta dame ni ba, akwai abin ɗumama gilashin a ciki.

Sai dai lokaci. Da damina gajimare ne, daga ƙarshen Nuwamba kuma hazo ya sauka. Na gwada a wani daren da ƙura ta fara, ko dutsen Kufena ba a gani da yamma, na'urar ta yi ta lalube ta kasa gane inda take. Tsakanin ɗaukewar ruwa a Oktoba da zuwan hunturu nan ne kakarmu. Yanzu tana cikin jakarta, na cusa ta a leda saboda ƙura, ina jiran daren da iska za ta wanke sama in gwada ta a kan Kaza da 'ya'yanta.