Ranar rigakafi a asibitin unguwarmu: ma'aikatan sun yi ƙoƙari, layin ne matsala

Jiya na kai auta allurar sati goma a ƙaramin asibitin unguwarmu nan Kano. Kyauta ne ko sisi ba su karɓa, katin yaro kawai za ki riƙe. Amma fa ki yi sammako, ni bakwai da rabi na isa na tarar mata sun cika wurin, benci biyu ne kacal sauranmu muna tsaye da goyo a rana har wajen sha ɗaya. BCG kuma, allurar tarin fuka ta jarirai, ba kullum ba ce, sai jarirai sun taru suke fasa kwalba, ya kamata su rubuta ranar a bango kar mai jego ta sha wahalar banza.

Nas ɗin ce ta sa nake yabonsu. Da surukata Hajiya muka je, ita kuwa har yau tana nan kan maganar 2003 da gwamnatin Malam Shekarau ta dakatar da ɗigon foliyo ana cewa yana hana haihuwa, kullum sai ta ce gwamna guda ba zai hana abu haka kawai ba. An dawo da shi a 2004 amma hanawar ce ta zauna mata a rai. Kuma ban ga laifinta sosai ba, tana sane da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara nan Kano a 1996 lokacin sanƙarau, yara 11 suka rasu. Yanzu ga ministan lafiyar Amurka Robert Kennedy shi ma yana jefa shakku kan allura, ƙanin mijina har bidiyonsa ya nuna mata a WhatsApp, abin na damuna wallahi.

Nas ɗin ba ta hantare ta ba. Ta ce Mama zo ki gani, ta buɗe firij mai sola ta ɗauko kwalbar ta nuna mata ranar ƙarewar maganin da ɗan tambarin nan da yake canza kala in zafi ya taɓa shi, ta ce wannan penta, allurar cututtuka biyar da za a yi wa yaron a cinya, har mashaƙo take karewa, cutar da ta ɗebe mana yara a 2023. Hajiya ta yi shiru can sai ga ta da kanta ta riƙe masa ƙafa.

Da daddare jikinsa ya ɗan yi zafi, dama sun gaya min, farasitamol na ba shi ya yi barci. Nan da sati huɗu za mu koma, Hajiya ta ce in tashe ta da asuba mu riga layi.