Na biya kudin hayakin jirgina, ga yadda ta kasance

Wani taro ya kai ni Nairobi daga Accra, wajen rajista sai na ga wani kamfani wai ka biya su lissafa hayakin da jirginka ya fitar, kudin kuma a sa wajen kare daji a nan Ghana. Na ce to bari in gwada. Biyan dai ba wahala, da momo (kudin cikin waya) na tura ina zaune a Nima ina jiran a zuba min waake, minti biyu satifiket ya shigo imel har da hoton bishiya.

Amma fa wane daji? Nan ne suka ban haushi. Na tambaya Kakum ne ko Atewa ko ina, sai amsa mai tsawo ba suna ba taswira, wai "dazukan yankin koko". Haba. Mu da muke ganin yadda galamsey, wato hakar zinariya ba bisa ka'ida ba, ta mayar da ruwan kogin Pra kamar kunu, ai dole mutum ya nemi hujja. Kuma ba wai harkar karya ba ce gaba daya, a 2023 Bankin Duniya ya biya Ghana kusan dala miliyan 4.8 saboda rage sare daji a yankunan koko, can an auna an tantance kafin a biya.

Yayana cewa ya yi, kai dai ka sayi takarda. Tauraro 3 na ba su, sai sun fada min sunan dajin zan kara.