Prague ko Budapest: amsar tambayar ango na Berlin

Salam ƴan uwa. Ango, na ga tambayarka tun jiya aiki ne ya riƙe ni. Ka ce kana Berlin, amarya ta iso wata huɗu da suka wuce, kana da hutun kwana uku da kamar Yuro 400 a hannu, kuma ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin Prague, babban birnin Czech, da Budapest, babban birnin Hangari. To duka biyun na je a 2024, Prague ni kaɗai, Budapest da uwargida, bari in ɗora maka su a sikeli.

Kafin komai, katin zamanku na Jamus ya isa ku shiga duka ƙasashen biyu tunda Schengen ne, wato ƙasashen Turai da ake ratsawa da biza ɗaya, amma ku riƙe fasfo a jiki ba katin kaɗai ba, ana tsayar da bas a kan iyaka wani lokacin. Ƴan uwanmu na Ingila masu koren fasfo ku kam sai kun nemi biza, Yuro 90 kowane mutum, lissafinku daban ne.

Hanya ita ce ta fi raba su kuma a nan kuɗinka zai tsaya ko ya tsiyaye. Daga Berlin zuwa Prague awa huɗu da ɗoriya ne a jirgin ƙasa, FlixBus ma kusan haka, in ka yanki tikiti sati biyu ko uku kafin tafiyar za ka samu da araha sosai kuma ba mai auna maka jaka, ka cusa kilishinka da garin kununka da flas ɗin shayi ba wanda zai ce maka kanzil. In jirgin ƙasa ne ku zauna ta hannun hagu, bayan Dresden layin yana bin gefen kogin Elbe tsakanin duwatsu, wannan kallon ma kaɗai yawon buɗe ido ne. Budapest kuwa daga Berlin sai dai jirgin sama in ba so kake kwana ɗaya cur ya tafi a hanya ba. Jiragen nan masu araha za su nuna maka farashi kamar kyauta, amma ƴar jakar da ke shiga ƙarƙashin kujera kawai aka yarda da ita, ƙaramin akwati kuɗi, zama kusa da matarka kuɗi, ka ninka sau biyu zuwa da dawowa. Mu dai da uwargida ta ce ba za ta yi kwana uku da jakar goyo ɗaya ba, kuɗin akwatin ya kusa kamo kuɗin tikitin kansa, na biya ina murmushin yaƙe.

In ka sauka ta sama a Budapest akwai bas 100E da ke kai ka tsakiyar gari kai tsaye, amma tikitinsa daban ne, lokacin forint (kuɗin Hangari) 2,200. Mai son tsimi ya hau 200E zuwa tashar Kőbánya-Kispest ya kama jirgin ƙarƙashin ƙasa M3 da tikitin gari na yau da kullum. Prague ko bas ko jirgin ƙasa a cikin gari za su ajiye ka, wannan kuɗin ma ya huta.

Zirga-zirgar cikin gari kunnen doki suka yi. Tikitin awa 72 na saya koruna (kuɗin Czech) 330 a Prague, Budapest forint 5,500, in ka juya su duka wajen Yuro 13 zuwa 14 ne. An taɓa farashin daga baya don haka ka leƙa manhajarsu, PID Lítačka ta Prague, BudapestGO ta can. Abu ɗaya dai, in na takarda ka saya a Prague ka tura shi cikin ƴar na'urar nan rawaya ta buga masa lokaci kafin ka shiga, masu duba tikiti ba su san "ni baƙo ne" ba, a gabana suka tare wasu ƴan mata biyu a bakin matakala, tikitin na hannunsu sabo fil amma ba a buga ba, sai da suka biya tara.

Kuɗi kuma, duka biyun ba Yuro suke ci ba. A 2024 Yuro ɗaya wajen koruna 25, forint kuwa wajen 400, shi ya sa a Budapest za ka ga shawarma da dubbai gabanka ya faɗi, kwantar da hankalinka ka tuna Naira. Kati yana aiki kusan ko'ina, in na'ura ta tambaye ka a cire da Yuro ko da kuɗin ƙasar ka zaɓi kuɗin ƙasar kullum. Ka guji ATM ɗin da ke jikin shagunan tsaraba, nemi na banki. A Prague kar ka kuskura ka yi canji da mutum a titi, tsofaffin kuɗin wata ƙasa da aka daina karɓa suke miƙa wa baƙi. Ko a shagon canji in ka ga an kwashe ka, dokarsu ta ba ka awa uku ka koma da rasit a warware cinikin, matuƙar bai wuce Yuro 1,000 ba.

Masauki ba wani tazara mai yawa, Budapest ta ɗan fi sauƙi in ɗaki mai kicin kake so. A Prague kar ka nemi gundumar tsakiyar gari, wato Prague 1, haura Žižkov ko Holešovice, minti goma sha ne a taragu (tram, jirgin kan titi). A Budapest kuma tunda da iyali kake ka kauce wa tsakiyar gunduma ta 7, unguwar mashaya ce, hayaniya har asuba, gunduma ta 9 ta fi kwanciyar hankali. Akwai harajin baƙi, Prague koruna 50 kowane mutum kowane dare, Budapest kashi 4 cikin 100 na kuɗin ɗaki, ka duba ko yana cikin farashin da aka nuna maka.

Yanzu abinci, nan ne Budapest ta yi wa Prague fintinkau a wajena. Duka ƙasashen biyu mutanen alade ne wlh, ka haddace kalmomin nan, vepřové a Prague, sertés a Budapest, in ka gan su a takardar abinci ka wuce. Kar gulash ya ruɗe ka don an ce naman shanu ne, da yawa da kitsen alade ake soya albasar, balle maganar yanka. A Prague kwana biyu ina kan soyayyen cuku da dankali, smažený sýr suke ce masa, sai da na ji kamar ni ne cukun. Akwai shagunan kebab da na ƴan Biyetnam amma a tsakiyar tsohon gari an ninka farashi. Budapest kuwa a kan babban titin zoben nan da taragu 4 da 6 ke bi, gidajen abincin Turkawa da Larabawa a jere suke, shinkafa da miya da kaza a faranti, ka nuna da yatsa a zuba maka ka ƙoshi da kuɗi kaɗan. Ga lángos, wani soyayyen ƙulli mai faɗi kamar fanke ya yi girman faranti ana shafa masa tafarnuwa da kirim da cuku, uwargida ta ce ƙosai da fanke ne suka haifi ɗa. A babbar kasuwar rufi ta Fővám tér ana sayarwa a bene amma farashin ƴan yawon buɗe ido ne, ku kalli kasuwar ku ci a wani wurin. Sannan akwai ɗalibanmu ƴan Najeriya birjik a Hangari ta dalilin tallafin karatu na Stipendium Hungaricum, in ka yi cigiya a nan ma ba za ka rasa wanda zai nuna maka lungu ba.

Sallah ma haka. Masallacin Budapest na kan titin Fehérvári taragu na wucewa ta ƙofarsa. Na Prague babban yana can wajen Černý Most ƙarshen layin B na jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ka ware masa lokaci musamman in Juma'a ta riske ku.

Abin kallo na kyauta kowanne yana da shi. Prague a dunƙule take, da ƙafa za ku gama ta, gadar Charles da aka fara ginawa a 1357, agogon nan na 1410 da mutane ke cincirindo a ƙarƙashinsa duk awa (kar ka sa rai da yawa, ƴan gumaka ne ke leƙowa ta taga ƙasa da minti ɗaya an gama), harabar fadar sarki shiga kyauta ce sai cikin gine-ginen ne da tikiti, hau taragu 22 ya kai ku sama ku gangaro da ƙafa. Gadar ku je bayan sallar asuba, da rana ko wajen ajiye ƙafa babu. Budapest a baje take kuma ta fi girma a ido. Taragu 2 yana bin bakin kogin Danube ta gaban majalisa, da daddare in an kunna fitilu ba sai kun biya jirgin ruwa ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kabarin Gül Baba, wani bawan Allah na zamanin Usmaniyya da ya rasu a 1541, shekarar da Turkawa suka karɓi Buda, suka riƙe ta har 1686. Hawan akwai tudu, titin duwatsu ne mai santsi, amma a sama lambun wardi ne shiru ba kowa, kyauta kuma. Wuraren wankan ruwan zafi da ake ta tallatawa suna da tsada kuma galibi maza da mata a haɗe, Rudas ne na san yana ware ranakun maza zalla da na mata a tsakiyar mako, duba jadawalinsu kafin ka je.

To ango, zuciyata Budapest take so, amma da Yuro 400 mutum biyu daga Berlin kwana uku, Prague zan ce maka. Abin da za ka tsira da shi a kuɗin hanya ya fi abin da Budapest za ta rage maka a abinci, kuma ba tashin tsakar dare don kama jirgin ƙarfe shida. Ku ɗauki ɗaki mai kicin, amarya ta soya kaza daga gida a zuba a kula, ku sayi burodi da ƙwai a Lidl ko Albert, an kashe matsalar alade. Budapest ku ajiye ta sai kun samu kwana huɗu ko biyar da tikitin Talata ko Laraba. In watan sanyi za ku tafi a saya wa amarya takalmi mai kauri tun daga Berlin, duwatsun titin Prague ba sa raga wa takalmin biki.