Gargaɗi: dutsen "jawo arziki" da ake tallatawa a TikTok ba gwal ba ne, kuma kar wanda ya sha ruwansa

Jama'a assalamu alaikum, dan Allah duk wanda ya ga wannan ya tura wa 'yan uwa, musamman iyayenmu mata da ƙannenmu masu sana'ar cikin gida don su aka fi kamawa. Akwai wani mutum da yake yin laif da daddare a TikTok yana kuma zuba bidiyon a Facebook, ba zan kama suna ba, ko na kama ma ba amfani tunda duk bayan ɗan lokaci yake canja sunan shafin ya dawo da sabon hoto. Za ku gan shi da faranti cike da wasu duwatsu masu ruwan gwal suna ta walƙiya a ƙarƙashin fitila, ga abin hannu ga zobe, har da carbi wallahi, yana cewa wai dutsen arziki ne daga ƙasar waje, wai in kin ajiye a durowar kuɗin shago kwastoma sai kin gaji da su, in ka ɗaura a hannun hagu bashin da kake bi zai fito, yana kare kambun baka, kuma wai mai hawan jini ko ciwon gaɓoɓi ya jiƙa shi a ruwa ya kwana ya sha da safe.

Yadda yake aikin kusan iri ɗaya ne ga kowa. Sai ka yi turansfa tukuna, babu zancen a biya in kaya sun iso. Yana ta jera sikirinshot na alat da boyis na wasu mata suna kukan daɗi suna "Allah ya saka Malam", wanda kowa ya san mutum ɗaya da waya biyu zai iya haɗawa a zaune. Kayan suna zuwa fa, wannan ne ya sa mutane ke yarda, don ba irin masu cin kuɗi su yi bulokin ba ne tun farko. In an kwana biyu ka ce ba ka ga canji ba sai ya ce ai ba a "tada" dutsen ba, ka turo kuɗin tadawa. In ka biya shiru, sai ya tambaye ka ko wani ya taɓa? Toh wa zai ajiye abu a gida mai yara a ce ba wanda ya taɓa? Shikenan laifin ya dawo kanka, sai ka sayi sabo. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa haka ya yi ta juya ta har jarin ya fara girgiza kafin mijinta ya gano.

Wanda ya ga yana da ɗan maiƙo kuma sai ya bi shi ta inbos da wata maganar daban, ya ce a gaskiya tsakaninmu wannan dutsen ɗanyen gwal ne, wasu masu haƙa ne suka gudo da shi daga daji suna neman kuɗin mota za su karyar. Dutse ɗaya, ga mata magani ne ga maza gwal ne.

Sunan dutsen fayirait, a rubuce pyrite in za ku bincika da kanku. Haɗin ƙarfe ne da farar wuta, ba wani abu ba, kuma yana cikin ma'adinan da suka fi yawa a doron ƙasa, ana samun sa a cikin gawayin kwal, a cikin duwatsu iri-iri, kuma sau da yawa a ramin da ake haƙar gwal ɗin ma yana nan, shi ya sa ya daɗe yana ruɗar mutane har Turawa suke masa laƙabi da gwal ɗin wawa. Waɗancan masu kusurwa huɗu tsaf kamar an yanka da inji da yake ɗagawa yana cewa "ku dubi ikon Allah, aljanu ne suka sassaƙa", ikon Allah ne kam, amma haka dutsen yake tsirowa da kansa, akwai wani ƙauye Navajún a Sifen da ya yi suna a duniya kan irin waɗannan, Peru ma tana fitar da shi da yawa. A kilo ake sayar da na gama-gari a shafukan sayayya na intanet, ku shiga ku duba farashin da idonku sannan ku kwatanta da abin da yake karɓa a kan ƙwaya ɗaya.

Kar ku ce ina kushe dutsen, yana da amfaninsa na gaskiya tun zamanin da. In ka buga shi da ƙarfe yana fitar da tartsatsi, da shi mutanen dauri suke ƙyasta wuta, kuma wajen shekarun 1500 an yi wasu bindigogi a Turai da shi ne ke tada musu wuta. Mutanen Maya na yankin Meziko suna goge shi su jera su yi madubi. An daɗe ana ƙona shi a masana'antu don fitar da asid, irin wanda ke cikin batirin mota, ma'adinan Rio Tinto na kudancin Sifen sun ci kasuwar wannan sosai. A Ingila zamanin Sarauniya Victoria ana yanka shi ƙanana a yi kayan ado da shi. Duk wannan gaskiya ne, amma ku lura a ciki babu inda ya jawo wa wani kuɗi sai wanda ya haƙo ya sayar.

Kuma kar wanda aka cuta ya ji kunya ya ɓoye, ƙyalli ya ruɗi waɗanda suka fi mu wayo da kuɗi. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila Martin Frobisher ya je can arewacin Kanada a 1576 ya dawo da wani baƙin dutse mai ƙyalƙyali, wasu masu gwaji suka ce akwai gwal a ciki, nan take attajiran Landan suka zuba kuɗi har da Sarauniya Elizabeth ta ɗaya. Ya koma a 1577, ya sake komawa a 1578 da jirage 15, suka loda duwatsu sama da tan dubu suka kawo, aka gina wajen narkarwa a Dartford aka yi ta ƙonawa babu abin kirki da ya fito. Kamfanin ya karye, babban mai ɗaukar nauyin tafiyar Michael Lok har kurkukun bashi ya shiga, duwatsun kuma daga baya aka yi gini da su. Sarauniya guda kenan da masu gwajinta, balle ni da kai da muke kallon abu ta gilashin waya a ƙarƙashin fitilar da aka saita don ya yi sheƙi.

Zancen magani da duwatsu masu ƙyalli kuma da yake yi kamar wani sirri ne ya gada daga kakanni, kwafowa ya yi. Wani yayi ne da ya bunƙasa a Amurka wajen shekarun 1970 zuwa 1980, inda suke cewa kowane dutse yana da wani ƙarfi da yake fitarwa, wannan na soyayya wancan na barci, fayirait kuma tunda kalar gwal gare shi sai suka ba shi ɓangaren kuɗi da ƙwarin gwiwa. Iyakar hujjar kenan fa, kala. Yanzu a Indiya ma masu duba taurari suna ta tallar abin hannunsa da sunan mai jawo kuɗi, in kuka kalli bidiyonsu kuka kalli na mutumin nan za ku ga har yadda yake jujjuya dutsen a tafin hannu nasu ne, kawai ya cire sunayen abin bautarsu ya saka "in sha Allahu". An ma taɓa gwada abin, wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan Christopher French a 2001 ya ba mutum 80 duwatsu su riƙe su natsu, wasu na gaske wasu jabu na gilashi ba tare da sun sani ba, kuma masu riƙe da jabun suka ce sun ji ɗumi da tsirr a hannu kamar yadda masu na gasken suka ji. Wato abin da aka faɗa maka za ka ji shi kake ji.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne maganar jiƙawa a sha. Kuɗi in sun tafi ana samun wasu. Fayirait in ya haɗu da ruwa da iska yana ruɓewa a hankali yana fitar da asid, wannan ne ke sa ruwan da ke fitowa daga tsofaffin ramukan ma'adinai ya koma ja ya kashe kifin rafi, kuma sau da yawa akwai gubar asenik a cikinsa da wasu ƙarafan da ido ba ya gani. A ƙasar Ayalan ta Turai gidaje dubbai ne suka tsattsage saboda an yi cikon ƙasan gini da tsakuwa mai fayirait ta kumbura, har gwamnati ta yi doka a 2013 don gyara su. Abin da ke fasa daɓen siminti shi za a ba tsohuwa mai ciwon ƙoda ta sha? Su kansu masu harkar magani da duwatsun a ƙasashen waje suna hana a saka wannan a ruwan sha, namu ne dai da bai ma karanta abin da ya kwafo ba. Ga shi kuma mai hawan jini zai ajiye ƙwayoyin asibiti ya dogara da ruwan dutse, ranar da jinin ya buga shi ya faɗi Malam ya canja shafi.

Masu cewa bari su daka a turmi su wanke ko za a samu gwal, dan girman Allah kar ku yi a gida. Mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma daga duwatsun gwal da ake niƙawa a tsakar gida. Ba ka san daga wane rami aka ɗebo abin da ke hannunka ba, ba ka san me ya haɗu da shi ba. Kar kuma a saka a wuta, hayaƙin farar wuta yake fitarwa mai shaƙe ƙirji. In ya kawo muku zancen ai masana sun ce akwai gwal a cikin fayirait, eh wani lokacin akan samu ɗan mitsitsi wanda ko da madubin likita da ƙyar a gan shi, manyan kamfanoni ne ke fitar da shi daga tan-tan na dutse da injina da sinadarai, ba abin da za ka samu a ƙulli ɗaya ba ne.

Gane shi kuma ba wuya. Ka samu fasasshen tayil ka goga dutsen a bayansa wajen da ba santsi, gwal zai bar layi rawaya, fayirait baƙi-baƙi mai ɗan kore zai bari. Gwal taushi gare shi, wuƙa tana shiga, in ka sa guduma baje shi za ka yi, shi kuwa wannan tauri gare shi har yana karce gilashi, in ka buga sai ya tarwatse kana jin ɗan warin farar wuta. Ga nauyi, gwal ya kusa ninka shi huɗu in girmansu ɗaya, duk macen da ta saba riƙe sarƙar gwal tana ɗagawa za ta ji bambanci. Wanda yake yi a laif na kara maganaɗisu yana cewa "kun ga bai kama ba, da ƙarfe ne da ya kama" wannan rainin hankali ne, fayirait ma ba ya kama maganaɗisu, gwajin bai nuna komai ba. Mafi sauƙi ka ce masa ku haɗu a wajen 'yan gwal na kasuwa a goga a ɗiga ruwan gwaji kafin ka biya ko sisi, za ka ga yadda uzuri zai fara zuba, wai jami'ai na bibiyar su, wai dutsen ba ya son idon jama'a.

Ni ba malami ba ne, amma ko ɗan Islamiyya ya san abin da Sayyidina Umar ya faɗa a gaban Hajarul Aswad, cewa ya san dutse ne ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, ba don ya ga Annabi (SAW) ya sumbace shi ba da bai sumbace shi ba. Hajarul Aswad kenan. Ku kai wa malaminku na unguwa zancen ɗaura dutse don arziki ku ji me zai ce, kar "in sha Allahu" ɗin da ake yayyafawa a talla ta ruɗe ku.

Wanda ya riga ya biya, kar ya goge hirar, ya ajiye rasit ɗin turansfa da lambar akawun da boyis ɗin duka, ya je bankinsa ya shigar da ƙorafi da wuri, sannan ya kai wa 'yan sanda ko EFCC, in kuna da yawa ku haɗu ku je tare an fi saurarar ku. A danna ripot a shafin ma. Wanda kuma ya sha ruwan, musamman in ya jima yana sha ko an ba yaro, ya daina yau ya je asibiti da dutsen a leda ya nuna wa likita, ya faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ya yi yana sha, mai hawan jini kuma ya koma kan maganinsa a auna shi.