Giris ɗin da na tsaya a kai don silaid ɗin fistol, bayan hunturu biyu a Minesota

Aiki ne ya kawo ni jihar Minesota ta ƙasar Amurka, kuma a nan ne na fara harbin gasa da ƙaramar bindiga a wani fili mai rajista da ke bayan gari, bayan na cika sharuɗɗan da dokar jihar ta gindaya wa mai son sayen fistol. Bindigar da nake amfani da ita ita ce SIG Sauer P226 mai cin harsashin milimita 9, kuma tun ranar da ta shigo hannuna tambayar da ta fi damuna ita ce abin da ya kamata in riƙa shafa wa hanyoyin da silaid ke bi. Silaid shi ne ɓangaren saman nan da ke ja da baya da ƙarfi idan an yi harbi, ya fizge ƙwanson harsashin da ya ƙone ya jefar, sannan sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da ke ƙarƙashin bututu, ya maido shi gaba ya ɗauki sabon harsashi ya tura cikin bututu. Duk wannan zirga-zirga a kan wasu siraran layuka biyu take gudana, ɗaya dama ɗaya hagu, inda ƙarfe ke gogar ƙarfe cikin ƙiftawar ido.

Dalilin da ya sa lamarin ya fi nauyi a irin wannan bindiga shi ne gangar jikinta ta alminiyam ce, silaid ɗin kuwa ƙarfe ne mai tauri. Abin da ke kare alminiyam ɗin wani siririn baƙin rufi ne da ake yi masa a masana'anta da lantarki da sinadari, kuma da zarar wannan rufi ya cinye har farin alminiyam ya bayyana, sai cin ya riƙa sauri domin na ƙarƙashin ba shi da tauri. A dokar Amurka gangar jikin irin wannan fistol ita ce ke ɗauke da lambar rajista, ita ake ƙirgawa a matsayin bindigar, saboda haka ba abu ba ne da mutum zai sauya kamar yadda ake sauya sifirin. Beretta 92, wadda sojojin Amurka suka ɗauka a 1985 da sunan M9, ita ma gangar alminiyam gare ta, masu ita kuma suna da irin wannan damuwa.

Da farko ruwan mai nake sakawa, irin wanda ake sayarwa a matsayin mai wankewa, mai sa santsi, mai kuma hana tsatsa a lokaci guda. Yana aiki, ban kuma taɓa samun cikas da shi ba, sai dai na lura cewa idan bindigar ta yi mako biyu a ajiye man yakan gangara ya taru a wuri ɗaya, layukan su zama kusan a bushe. A filin harbi kuma, kafin in gama akwati na uku na harsasai, zafi da gudun silaid sun riga sun watsar da mafi yawansa, har wani ya fantsamo mini a gilashin kare ido. Tsofaffin maharba na filin suna da ƙa'idar da suke yawan maimaitawa, cewa abin da ke zamewa a ba shi giris, abin da ke juyawa a kan ƙusa a ba shi mai. Ƙa'idar tana da tarihi a bayanta, domin tun a Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun riƙa shafa wa bindigarsu M1 Garand giris na kamfanin Lubriplate, saboda ruwan sama yana wanke mai daga sassanta masu zamewa.

Giris ba wani abu ba ne illa mai da aka cakuɗa da sinadarin da ke riƙe shi, wanda galibi wani nau'in sabulu ne na litiyam ko alminiyam ko kalsiyam, yadda soso ke riƙe ruwa ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan idan an matsa. Akwai ma'aunin kauri na cibiyar NLGI ta Amurka, wanda ya tashi daga 000, mai kusan zama ruwa, har zuwa 6, mai tauri kamar sandar sabulu. Giris ɗin da kanikawa ke cusawa a boris na mota yawanci lamba 2 ne, kaurinsa kamar na tunkuza, lamba 0 kuwa ya fi kusa da kindirmo mai kyau. Ban san muhimmancin waɗannan lambobi ba sai da sanyin Janairu ya nuna mini.

Wani abokin harbi ne ya ɗebo mini jan giris na mota mai lamba 2 a ƙaramin gwangwani, yana mai cewa abin da ya iya da zafin tayar babbar mota ba fistol ce za ta gagare shi ba. A watannin zafi maganarsa ta tabbata, domin silaid ɗin ya riƙa tafiya lumui, ƙarar gogar ƙarfen nan ta ɓace, kuma ko bayan harsashi ɗari uku idan na kwance bindigar sai in tarar da jan giris ɗin yana nan daram a inda na sa shi. Da hunturu ya kama, wata safiya da sanyi ya kai wajen digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, bindigar ta yi kusan sa'a biyu cikin akwatinta a but ɗin mota kafin in fara harbi a fili. Harsashi na farko ya tashi, amma silaid bai koma gaba ya rufe sosai ba, sai da na tura shi da tafin hannu. A na huɗu kuma ƙwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita. Duk wanda ya taɓa buɗe kwalbar man kaɗe da asubahin hunturu ya tarar da shi ya daskare zai gane abin da ya faru. Giris ɗin ya yi tauri, ya cinye wani kaso na ƙarfin da harsashi ke bai wa silaid, ga shi kuma harsasan atisaye masu nauyin giren 115 (ma'aunin nauyin kan harsashi ke nan, kimanin giram bakwai da rabi) da nake amfani da su ba su da rarar ƙarfi mai yawa. An yi wannan giris ne don boris da ke juyawa cikin zafi a ƙarƙashin nauyin mota, ni kuma na kai shi inda sifirin guda ɗaya ne kaɗai ke tura ƙarfe.

Daga ranar na koma neman giris mai laushi, na kuma gwada guda biyu na tsawon lokaci. Na farko shi ne TW25B na kamfanin Mil-Comm, farin giris mai ɗan ruwan madara wanda ba daga ɗanyen man fetur kai tsaye aka tace shi ba, haɗa shi aka yi, kuma yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin sinadarin nan na PTFE da ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama. Na saye shi a cikin sirinji, abin da ya sauƙaƙa mini kai shi cikin kwarmin silaid ba tare da ɓata yatsu ba. Na biyu shi ne Lubriplate SFL-0, wanda tun asali an yi shi ne don injinan sarrafa abinci, lambarsa 0, sinadarin da ke riƙe mansa kuma na alminiyam ne, wanda aka sani da jure ruwa.

Kafin in amince da kowannensu na yi wani gwaji mai sauƙi a gida. Na cire gidan harsashi, na tabbatar da ido da yatsa cewa babu komai a bututu, na shafa giris ɗin, na sa bindigar a leda na rufe, sannan na ajiye ta a firiza dare guda. Firizar gida takan tsaya a wajen digiri 18 ƙasa da sifiri, wato daidai da sanyin safiyar da na samu cikas. Da gari ya waye na ja silaid na saki, kuma da duka biyun ya koma ya rufe da ƙarar nan mai kaifi da kunne ya saba da ita, ba tare da jan ƙafa ba. Na maimaita da jan giris ɗin motar don in tabbatar, sai na ji nauyin a hannuna tun daga ja na farko. Wanda zai yi wannan gwaji ya tuna cewa ƙarfe mai sanyi yana tara raɓa idan ya fito ɗaki mai ɗumi, saboda haka sai an kwance an goge an busar da komai daga baya.

A filin harbi TW25B ne ya fi kwanta mini a rai, kuma dalilin yana cikin yadda ake shafa shi. Ba a son a bar shi ya taru. Ana murza shi ne a kan ƙarfe har farin ya kusa ɓacewa, ya rage ɗan sheƙi kawai, wannan siririn shafi kuma ya ishi yini guda na harbi. Tun da ba shi da yawa a wurin, bai cika kama tokar albarushi ba, kuma idan na dawo gida tsumma da ɗan buroshi sun wadatar wajen fitar da dattin. Na yi hunturu biyu da bazara biyu da shi ba tare da na sauya komai ba saboda yanayi, kuma baƙin rufin layukan bindigata ya ɗan yi sheƙi a wuraren da suka fi gogayya amma farin alminiyam bai fito ko'ina ba. SFL-0 ya fi ba da jin taushi a hannu, kamar an sa wa silaid ɗin matashi, kuma ranar da muka yi gasa cikin yayyafi ya zauna a wurinsa. Shi nake ba wa sababbin maharba shawara idan kuɗi ne abin dubawa, domin ana samunsa da yawa a gwangwani, alhali yawancin giris ɗin da aka rubuta wa sunan bindiga a jiki ƙananan mazubai ake zuba shi kuma farashinsa ya fi tsada idan aka auna da nauyi. Duk da haka sirinji guda ya kai ni fiye da shekara, don haka tsadar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Wasu 'yan gasa a filinmu suna amfani da Slide-Glide, wanda ake yi a kauri uku don mutum ya zaɓa gwargwadon yanayi, suna kuma yaba shi ƙwarai a kan bindigogi irin 1911 da CZ 75 masu dogayen layukan ƙarfe. Ni dai na fi son abu guda da ba sai na duba hasashen yanayi ba kafin in shafa.

Yadda nake yi a yanzu bai wuce minti goma ba. Bayan na tabbatar babu harsashi na kwance bindigar, nakan wanke layukan da sifirit, ruwan sinadarin nan mai saurin bushewa, in bar su su bushe, musamman idan zan sauya daga wani giris zuwa wani, domin sinadaran da ke riƙe mai ba duka ne ke jituwa ba, kuma haɗa biyu na iya sa su tsinke su zama ruwa. Sai in ɗiga kwatankwacin ƙwayar shinkafa a kowane layi in baza da ƙaramin buroshi, in shafa ɗan kaɗan a bayan bututu da kafaɗarsa inda yake kullewa da silaid, in mayar da komai, in ja silaid kamar sau goma, in goge abin da ya fito ta baya. Kunama da sauran sassan da ke juyawa a kan ƙusa ɗigon mai nake ba su. Akwai wuraren da giris ba ya zuwa ko kusa: ramin allurar da ke bugun harsashi, fuskar da gindin harsashi ke jingina, cikin bututu, da cikin gidan harsashi. Giris a ramin allura yana tara datti ya rage mata ƙarfin bugu, har a ja kunama harsashi ya ƙi tashi. Haka nan ina guje wa duk giris mai garin girafait, baƙin abin nan da ke cikin fensir, a kan gangar alminiyam, saboda idan danshi ya shiga tsakaninsu yana haddasa cin ƙarfe.

Wannan duka bai zama dole ga kowace fistol ba. Glock, wadda aka fara ƙerawa a Ostiriya a farkon shekarun 1980, gangar roba gare ta, kuma silaid ɗinta a kan wasu gajerun ƙarafa huɗu kawai yake tafiya, littafin da ke zuwa da ita kuma 'yan ɗigon mai ya ce a sa. Sabuwarta takan zo da wani shafi mai launin tagulla a cikin silaid, wanda ake barinsa ya ƙare da kansa. Mai irin wannan bindiga da ya tsaya a kan mai bai yi kuskure ba.

Ƙura ita ce abin da zai sa in sauya shawara. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka haramta wa jama'a sai da izini na musamman, saboda haka waɗanda ke riƙe ta a can galibi jami'an tsaro ne, kuma wanda ke aiki a Maiduguri ko Katsina lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga Sahara yana fuskantar akasin matsalata. Giris yana riƙe yashi, yashi da giris kuma idan suka haɗu sun zama abin goge ƙarfe. Na ga ɗan misalin haka a wata gasa da muka yi a fili mai rairayi ranar da ake iska, inda na kwance bindiga da yamma na ji ƙasa-ƙasa a tsakanin yatsuna. A irin wannan yanayi zan rage shafin har ya zama sheƙi kawai, in riƙa gogewa ina sabuntawa kullum da yamma, in kuma bar duk bayan bindigar a bushe. A nan Minesota kuwa, inda sanyi ya fi ƙura barazana, sirinjin TW25B ne ke cikin jakar harbina, gwangwanin SFL-0 yana kan teburin aiki a gida, ragowar jan giris ɗin kuma na shafa shi a hinjin ƙofar gareji, inda yake aiki lafiya har yau.